Yaran Gidan Likita Mila

Karatu: Yahaya 6:1-13

 

A wurin da muka karanta mun ga babban taro, maza kaɗai wajen 5,000, ga yunwa, almajirai kuwa dabara ta ƙare musu. Abincin da aka samu a ranan nan a hannun wani yaro yake. Gurasar sha'ir ce guda biyar da 'yan kifi biyu, sha'ir kuwa a ƙasarsu abincin talaka ne. Ba a faɗa mana sunan yaron ba, ba a kuma faɗi na ubansa ba. Abin da muka sani shi ne, Andarawas ya lura da shi a cikin dubban mutane, ya ba Ubangiji labarinsa. Yau muna so mu yi magana a kan irin yaran nan da ba a cika lura da su ba. Za mu yi haka ta wurin ba ku tarihin wata makarantar kwana wadda ta fara da yara maza marasa gata, yau fiye da shekara 100 ke nan.

Mu da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni, hanyar Zariya ta ƙofar gidanmu ta wuce. In mutum ya bi ta wajen kilomita 150, zai isa Zazzau. A bayan ganuwar birnin, kusa da dutsen Kufena, akwai wani ɗan gari da ake ce da shi Wusasa. A can makarantar ta girma. Amma kafin a kai ga Wusasa, sai da labarin ya biyo ta nan Kano.

Yadda aka sallame su daga Kano

An haifi Walter Miller, wanda bakin Bahaushe ya mayar Likita Mila, a Ingila a shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS, watau ta ikilisiyar Angilikan. Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya domin ya koyi harshen, gama a zamanin nan akwai Hausawa da yawa a can, fatake da masu niyyar hajji. A can ya gamu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdul Majid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar hajji ya bar shi a baƙuwar ƙasa. Daga baya yaron nan ya zo ya zauna a hannun Likita a Nijeriya. Muna iya cewa wannan maraya shi ne ɗan fari a cikin yaran gidan.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell ya taso daga Legas da mutum huɗu, Likita Mila yana cikinsu, suka nufo Kano. Babu jirgin ƙasa a lokacin, gama sai a 1911 dogo ya iso Kano. Bayan tafiyar wajen wata uku suka shigo birni, aka kai su gaban Sarki Alu. Sarki bai karɓe su ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara kayansu su bar ƙasarsa. Suka juya kudu, suka sauka a wani ƙauye mai suna Girku a ƙasar Zazzau. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya yi ciwo ya mutu. Sauran ma rashin lafiya ya warwatsa su. Ga idon mutum, aikin ya mutu tun bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Amma Likita Mila ya komo. Turawa suka ci Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. A shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka yardar masa ya zauna a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani, ya kuma fara koyar da karatu.

Waɗanda ya nema da waɗanda suka zo

Kada wani ya ɗauka babu ilimi a ƙasar nan kafin zuwan Bature. Makarantun allo sun cika birni da ƙauye, ga malamai masu zurfin karatu cikin Larabci da ajami. Abin da babu shi ne karatun boko, wanda sabuwar gwamnati za ta riƙa nema ga duk mai son aiki a hannunta.

Da fari Likita Mila 'ya'yan sarakuna ya so ya tara. Ya yi shawara da Gwamna Lugga a kan buɗe musu makaranta, da tunanin cewa in aka sami kai, jiki zai biyo. Shirin bai yi nisa ba. Sarakuna sun ji tsoron kada a juya wa 'ya'yansu addini, Lugga kuwa ya riga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Gwamnonin da suka biyo bayansa suka ƙara tsuke wa 'yan mishan ƙofa a ƙasashen sarakuna. A 1909 gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa a nan Kano, a hannun Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa. Gidansa yana nan tsaye har yau. Akasarin waɗanda aka ɗauka a can 'ya'yan sarakuna ne da malamai.

To, su wane ne suka rage wa Likita? Sai waɗanda ba mai riƙe da su. Ku tuna, wannan lokaci ne na ƙarshen cinikin bayi. Gwamnati ta yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, ba bawa ba, ta kuma hana saye da sayar da mutane. Sojoji sukan tare ayari su kwance yara, a sami yaro an ɗauko shi tun yana ƙarami daga wata ƙasa mai nisa, bai ko san sunan garinsu ba. An 'yanta shi, amma ina za shi? Saboda irin waɗannan gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru. A 1909 ƙungiyar SUM ta buɗe nata a Rumasha kusa da kogin Binuwai, ta sa masa sunan Lucy, marigayiya matar Dokta Karl Kumm, aka mayar da yaran Zungeru can.

Gidan Likita Mila a Zariya ƙarami ne in an gwada da waɗannan. Amma irin yaran ne suka fara taruwa a cikinsa: wanda aka kwance daga bauta, da maraya, da ɗan mutumin da ya karɓi bangaskiya danginsa suka juya masa baya. Ya nemi 'ya'yan fada, Allah ya aiko masa da 'ya'yan da ba su da ko zaure.

Me ya sa sai makarantar kwana?

Wani zai yi tambaya, me ya hana a koya musu karatu da safe, da rana kowa ya kama gabansa? Dalilan a fili suke.

Na fari, yunwa. Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai ci tuwon dare ba, bai sami ɗumame da safe ba, ko ka rubuta masa baƙi kamar girman ƙofa ba zai gani ba. Kafin allo sai akushi.

Na biyu, wurin kwana. Yaro mai gida, in an tashi makaranta yana da inda zai koma. Wanda ba shi da gida, kasuwa ce za ta karɓe shi, abin da malam ya gina da safe kuwa kasuwa za ta rushe da dare.

Na uku, lafiya. Da yake mai gidan likita ne, gyambo da zazzaɓi da ciwon ido ba su daɗe a jikin yaro ba a gani ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne riƙo. Yaran nan a gida ɗaya suke da malaminsu. Ya san sunan kowa, ya san mai ƙarya da mai tsoro da mai saurin fushi. Suna koyon karatu da rubutu da Hausar boko, da lissafi, da Turanci, da Littafi Mai Tsarki, amma suna kuma koyon yadda ake zama da mutane, abin da ɗa yakan koya a wurin ubansa ba tare da an ce ga darasi ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawa kuwa dole ya kasance kusa da icen.

Kuɗin wannan duka daga baikon masu bi ya fito, akasari daga Ingila ta hannun CMS. Mutanen da ba su taɓa ganin Zariya ba, ba su kuwa taɓa jin kalma ɗaya ta Hausa ba, su ne suka sayi dawar da yaran suka ci.

Hawayen Gimi

Akwai wata jama'a da ake kira Isawa. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda cikin karatunsa ya ga an ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, ya yi ta koyar da haka har aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarun 1860. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, suka riƙe abin da ya bar musu.

A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani. Daga nan aka samar musu wurin zama a Gimi a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye, suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Wanda ya zauna da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran West Indies. Murna ta cika zukatan 'yan mishan, gama ba su taɓa ganin Hausawa da yawa haka sun taru cikin bangaskiya ba.

Abin da ba su sani ba shi ne, kurmin da ke bakin rafin wurin cike yake da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin. A zamanin nan babu ingantaccen magani a hannu. Manya da yara suka yi ta mutuwa, har ya zama dole a tashi daga Gimi. Yaran da suka tsira, waɗansu ba uwa, waɗansu ba uba, makarantar Zariya ce ta zama gidansu.

'Yan'uwa, mun faɗi wannan domin kada mu riƙa ba da tarihi kamar tatsuniya, inda kome yakan ƙare da daɗi. Mutanen kirki ne suka zaɓi Gimi, da kyakkyawar niyya, aka kuwa binne mutane da yawa a can. Aikin jinƙai yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar sani da bincike.

Ƙaura zuwa Wusasa

Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai taɓa kwanta wa hukuma a rai ba, gidan ma ya yi wa aikin kaɗan. A ƙarshe aka daidaita a kan su fita bayan gari. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa. Wanda ya ɗauki nauyin aikin a sabon wurin shi ne Rabaran Guy Bullen, wanda daga baya ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a 1937. Aka gina majami'a da jar ƙasa bisa ga fasalin ginin Hausa, tana nan har yanzu. Aka gina asibiti, aka gina makaranta. Majami'ar da makarantar suka ɗauki sunan St. Bartholomew, suna ɗaya da asibitin da Likita ya yi karatu a Landan.

Shi kansa Likita Mila bai ji daɗin barin birni ba. Ya taho nan Kano, garin da aka sallame shi shekara 29 da suka wuce, ya zauna ya ƙarasa babban aikin da ya daɗe yana yi tare da malaman Hausa da abokan aikinsa, watau juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. An buga shi cikakke a 1932. Kakanninmu da iyayenmu da shi suka yi sujada, har yau akwai tsofaffin da ba su yarda da wani juyi sai shi. Likita ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Abin da aka girba

A Wusasa makarantar ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan masu bishara da malamai da manoma daga wurare da yawa, 'yan mata ma suka sami rabonsu. Bari mu ambaci kaɗan daga cikin waɗanda suka fito daga wannan tushe.

Akwai Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912. Daga makarantar mishan ya tafi King's College a Legas, sa'an nan jami'ar Birmingham a Ingila. Shi ne ɗan Arewa na fari da ya zama likitan zamani. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, babban asibitin nan na Kaduna kuwa sunansa yake ɗauke da shi.

Akwai Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara. Shi ne ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983.

Akwai Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga ƙasar Angas, wanda ya girma a Wusasa, ya yi karatunsa na fari a St. Bartholomew, ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Akwai kuma John Tafida, ɗan Wusasa, wanda tare da Rupert East ya rubuta Jiki Magayi, littafin da yawancinmu muka karanta a makaranta.

Waɗannan su ne waɗanda duniya ta san sunansu. Bayansu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawuna da fastoci waɗanda ba a rubuta su a littafin tarihi ba. Dokta Dikko bai tambayi addinin majinyaci kafin ya duba shi ba, Farfesa Audu kuwa jami'ar kowa da kowa ya riƙe. Alherin da aka shuka a gida ɗaya a Durumin Maigarke, Arewa duka ta ci amfaninsa.

A farkon shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi makarantun mishan da yawa a Arewa. Sakandaren St. Paul ta Wusasa, alal misali, ta koma Kwalejin Kufena. Zamanin da mishan daga ƙetare yake ciyar da yaro ya koya masa karatu ya wuce, ba kuwa zai komo ba.

Inda aka yi tuntuɓe

Waiwaye adon tafiya ne, amma mai waiwaye na gaskiya yakan ga har inda aka faɗi. Likita Mila mutum ne mai kaifin harshe. Ya yi ta sa-in-sa da jami'an gwamnati da masu sarauta, wani lokaci a kan gaskiya, domin ya tsaya wa talakawa, wani lokaci kuwa zafin maganarsa ya rufe ƙofofin da haƙuri zai buɗe. Makarantar kwana kuma tana da nata haɗari. Yaron da ya daɗe a hannun baƙi yakan koma garinsu ya ga ya zama baƙo, danginsa suna kallonsa kamar ba nasu ba. Maƙwabta Musulmi da yawa sun yi zargin cewa abinci da magani tarko ne na kama 'ya'yan mutane. Ko da zargin bai zama gaskiya a kowane hali ba, ya kamata mu ji shi da kunnen basira. Sadakar da aka ɗaura wa ƙugiya ta daina zama sadaka. Ubangijinmu ya ciyar da taron nan duka, bai sa kowa ya yi alkawarin binsa kafin a miƙa masa gurasa ba.

Mu fa?

Yanzu bari mu komo Gyadi-Gyadi da Tarauni. Wanda ya fita da asuba lokacin hunturu ya bi bakin titin Zariya, zai ga yara a ƙudundune a gindin shaguna. Waɗansu almajirai ne, suna da iyaye da malamai, hakkinsu a kanmu shi ne kwanon tuwo da tsohuwar riga da fuska a sake, ba tare da wani sharaɗi ba. Amma kada mu kai idonmu nesa mu manta da abin da ke gindinmu. A cikin majami'unmu akwai gwauruwar da ɗanta ya bar makaranta tun da aka binne ubansa. Akwai yaron da rikici ya koro daga ƙauyensu, yana kwana a shagon wani yana ɗaukar kaya. Yana zuwa sujada ran Lahadi, yana zama a bencin baya, ba wanda ya taɓa tambayarsa ajin da ya tsaya.

Ba mu ce kowace ikilisiya ta gina makarantar kwana ba. Ƙarfinmu bai kai ba, kuɗin Ingila kuwa ba ya zuwa. Amma ku tuna, makarantar nan ba da gini ta fara ba, da maraya ɗaya ta fara a Tarabulus. Abubuwa huɗun da muka lissafta, watau abinci, da wurin kwana, da lafiya, da babban da ya san sunan yaro, gida ɗaya yana iya ba da su ga yaro ɗaya. In gida ɗaya bai iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wannan ya ɗauki kuɗin makaranta, wancan ya ɗauki abinci, zumuntar mata ta ɗauki sutura, dattawan ikilisiya su riƙa bin sawu. A yi shi da sanin dangin yaron da yardarsu, kada a raba shi da su. A kuma yi shi da tsoron Allah, gama mun sha ganin an ɗauko maraya da sunan riƙo, aka mayar da shi bawan gida, 'ya'yan masu gida suna aji shi yana wanke-wanke. Wanda ya yi haka ya sani Uban marayu yana gani.

Ba mu yi muku alkawari cewa yaron da kuka riƙa zai zama likita ko shugaban ƙasa ba. Wataƙila makaniki zai zama, ko tela, ko manomi mai tsoron Allah. Wannan ma riba ce babba. Andarawas bai san abin da za a yi da gurasar ba sa'ad da ya nuna yaron. Nasa shi ne ya lura, ya faɗa. Ran Lahadi mai zuwa, in an tashi sujada, kafin ka gaisa da abokanka, ka juya ka dubi bencin baya, ka tambayi yaro ɗaya sunansa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, mun gode maka domin bayinka da suka riga mu, waɗanda suka buɗe gidajensu ga yaran da ba nasu ba. Ka gafarta mana inda muka wuce yaro mai bukata muka kau da kai. Ka buɗe idanunmu mu gan su, ka ba mu zuciyar riƙo da amana, ka kuma ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.